Tambarin Haja Dukiya Ne, A Yi Masa Rajista Tun Da Wuri

A yau muna so mu jawo hankalin 'yan'uwanmu 'yan Arewa mazauna biranen Kudu, musamman waɗanda Allah ya buɗe wa ƙofar ciniki a Ikko da Badun da Anaca da Aba da Fatakwal, ga wata dukiya da yawancinsu suka mallaka amma ba su ɗauke ta a bakin kome ba. Wannan dukiya kuwa ita ce sunan da mutum ya raɗa wa hajarsa, da tambarin da yake bugawa a jikin buhu ko kwalba ko leda. Ɗan kasuwarmu yakan sa wa rumfarsa kwaɗo biyu, ya ɗauki maigadi, ya adana rasiɗin kowane kwali. Amma sunan da ya yi shekara goma yana rainonsa, wanda saboda shi ne mai saye yake wuce rumfa bakwai ya zo tasa, sai ya bar shi a sarari, ba danga ba ƙyaure.

Mu ɗauki misalin mai kilishi a Agege. Ya fara da faranti ɗaya a bakin titi, Allah ya sa albarka, har ya kai ga ƙulla kilishinsa cikin leda mai ɗauke da suna da hoto, manyan kantuna suna saro daga wajensa. Ran nan sai ga takarda daga wani lauya, ana gargaɗinsa da ya daina amfani da sunan nan, domin wani ya riga ya yi masa rajista a Abuja. To, daga nan zaɓi biyu ne a gabansa: ko ya shiga shari'ar da ba ya ganin ƙarshenta, ko kuwa ya ƙone ledojin da ya buga da kuɗinsa ya koma neman sabon suna kamar jiya ya sauka daga mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi ke nan.

Idan aka tambayi irin wannan bawan Allah dalilin da ya sa bai nemi rajista ba tun farko, amsar da za a ji ita ce, ai wannan abu sai manyan kamfanoni, ko kuwa sai mai uwa a gindin murhu. Wani kuma zai ce ya taɓa nema aka ƙi shi, saboda haka abin sa'a ne kawai. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Gaskiya ne akwai jinkiri a aikin ofis, kuma za mu zo kansa. Amma dalilan da suke sa a ƙi karɓar tambari a rubuce suke cikin doka, ba su da yawa, kuma kusan dukansu abubuwa ne da mai haja yake iya kauce musu tun ranar da ya zauna zaɓen suna. Watau nasarar mai nema ko faɗuwarsa tana somawa ne daga rumfarsa, tun kafin takardarsa ta isa teburin ma'aikaci.

Sa wa kaya alama ba baƙon abu ba ne gare mu. Makiyayi yakan yi wa shanunsa shaida, fataken goro kuma sukan sa wa huhunansu lamba tun daga Shagamu domin kada su cakuɗe da na wani kafin a isa Kano. Uwargidan da ba ta shiga ajin boko ba takan aiki yaro kanti ta ce ya sayo mata mai giwa ko mai zakara, kuma ba za a kawo mata wani ta karɓa ba. Abin da zamani ya ƙara kawai shi ne littafin hukuma, wanda ake rubuta alamar kowa a ciki domin kotu ta san mai ita.

Dokar da take kula da wannan littafi ita ce Dokar Alamun Kasuwanci ta 1965, wadda ta fara aiki a 1967. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Sashe na 3 na dokar ya faɗi ƙarara cewa wanda bai yi wa tambarinsa rajista ba, ba shi da ikon kai ƙarar keta haƙƙin tambari. Abin da ya rage masa shi ne ya yi ƙarar cewa wani yana sojan gona da sunansa. Ana cin irin wannan shari'a, kamar yadda kamfanin magunguna na Niger Chemists ya ci a 1961, sa'ad da wasu suka buɗe kanti a titi ɗaya da shi a Anaca suka kira kansu Nigeria Chemists, kotu ta hana su. Amma mai irin wannan ƙara tilas ne ya kawo shaidun da za su tabbatar cewa jama'a sun san shi da sunan, kuma ana ruɗarsu. Mai satifiket kuwa takardarsa ita ce shaidarsa ta farko. Haka nan sashe na 7 ya kāre wanda ya riga kowa amfani da tambari ba tare da yankewa ba, sai dai shi ma da hujja a rubuce zai tsira, mu kuwa mun san yadda cinikinmu yake, yawancinsa da baki ne da amana.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, wanda ya kamata a kawar da shi tun yanzu. Mutane da yawa suna zaton da zarar sun yi wa sunan kasuwancinsu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka kafa a 1990, shi ke nan sun mallaki sunan a kan kowace haja. Ba haka ba ne. Waccan takarda ta ba ka izinin yin ciniki da sunan ne kawai, ba ta hana wani ya buga shi a jikin kayansa ba. Ofis biyu ne dabam, da doka biyu, da littafi biyu. Haka kuma lambar hukumar NAFDAC ba rajistar tambari ba ce. Hasali ma hukumar takan nemi ganin shaidar tambari wajen mai son a yi wa abincinsa ko maganinsa rajista.

To, yaya mai nema zai ƙara wa kansa damar samun nasara?

Abu na farko, kuma mafi girma, shi ne zaɓen suna. Doka tana son tambarin da yake rarrabe kayan mutum da na waninsa. Saboda haka sunan da yake bayyana irin kayan kawai, ko yake yabonsu, da wuya ya sami shiga. Wanda ya sa wa shinkafarsa "Shinkafa Mai Kyau", ko ya sa wa zumarsa "Zuma Tsantsa", ya nemi ne a mallaka masa kalmomin da kowane mai shinkafa da mai zuma yake da haƙƙin faɗi, kuma Magatakardan ofishin ba zai yi haka ba. Haka abin yake ga sunan gari. Mun san irin begen gida da yake damun wanda ya daɗe a Kurmi, har ya ga babu sunan da ya fi na garinsu daɗi. Amma sashe na 9 ya ware sunayen wurare da sunayen dangi daga kalmomin da ake karɓa kai tsaye, sai fa in an kawo hujjar cewa jama'a sun riga sun san kayan mutum da su. "Kilishin Kano" na duk mai kilishin da ke Kano ne, ba na mutum ɗaya ba.

Sunan da ya fi ƙarfi a idon doka shi ne wanda aka ƙirƙira, wanda ba shi da wata ma'ana kafin mai shi ya haife shi. Kodak, sunan da ya shahara a duniya wajen kayan ɗaukar hoto, ba kalmar wani harshe ba ce, ƙirƙirarta aka yi. Mai bi masa shi ne kalma sananniya wadda ba ruwanta da kayan, kamar a sa wa sabulu sunan tsuntsu ko a sa wa takalmi sunan itace. Harshenmu kuwa ba ya rasa irin waɗannan. Amma a dubi allunan rumfunanmu daga Idi Araba zuwa Sabon Badun, me za a gani? Alheri, Albarka, Nasara, Rahama, Sa'a. Sunaye ne masu daɗi da kyakkyawan fata, ba mu musa ba, sai dai sun yi yawa a kasuwa, har ya zama mai neman rajista da ɗaya daga cikinsu ya shiga layin da ba mamaki wani ya daɗe da riga shi.

Abu na biyu shi ne bincike. Sashe na 13 ya hana a yi rajistar tambarin da ya yi daidai da na wani wanda ke cikin littafi, ko ya yi kama da shi har ya iya ruɗar mai saye, muddin kayan iri ɗaya ne. A nan ne wayon 'yan kasuwa yake kai su ya baro. Wani yakan ɗauki sunan da ya riga ya karɓu ya canza harafi ɗaya ko biyu, yana cewa ai kama da wane ba ta wane. A kotu kuwa kamar ita ce laifin. A 1968 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin Alban Pharmacy da Sterling Products. Na farkon ya nemi rajistar sunan Casorina a kan magani, na biyun kuwa, mai Castoria, ya ƙi yarda. Kotu ta goyi bayan mai Castoria, ta nuna cewa ba ido kaɗai ake dubawa ba, har da kunne, watau yadda sunan yake fita a bakin mai saye. Wannan ma'auni ya dace da kasuwanninmu ƙwarai, inda ake ciniki cikin hayaniya da harsuna uku ko huɗu. Saboda haka kafin a biya kuɗin neman rajista, kafin ma a je wurin mai ɗab'i, a sa wakili ya binciki littafin ofishin. Kuɗin bincike kaɗan ne in an gwada shi da na ledoji dubu hamsin da za a zubar. Rigakafi ya fi magani.

Abu na uku shi ne sanin rukuni. An kasa kayan ciniki da ayyuka gida 45, bisa tsarin da yawancin ƙasashen duniya suke bi, 34 na kaya, 11 na ayyuka. Kilishi da sauran nama suna rukuni na 29. Shinkafa da yaji da zuma da shayi suna na 30. Ruwan sha da lemo suna na 32, turare da sabulu na 3, magunguna na 5, atamfa da shadda na 24, tufafi da takalma na 25. Mai motocin sufuri yana na 39, mai gidan abinci kuma na 43, domin gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023 ya tabbatar da cewa masu ayyuka ma suna cikin waɗanda dokar ta rufe. Rajista a rukuni ɗaya ba ta wuce iyakarsa. Mai kilishin da yake da niyyar fara sayar da yaji da sunan nan nasa, lalle ne ya nemi rukuni biyu, ko da yake kowanne da kuɗinsa. Amma kuma kada kwaɗayi ya sa mutum ya tare rukunin da ba zai taɓa shiga ba, domin doka ta ba da damar a soke tambarin da ya yi shekara 5 a jere ba a yi amfani da shi ba.

Abu na huɗu shi ne mutum ya san ainihin abin da yake so a kāre masa. Shari'ar Ferodo da Ibeto, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2004, darasi ce babba. Kamfanin Ferodo, mai yin kayan birkin mota, ya yi ƙarar cewa kwalin kayan Ibeto ya kwaikwayi nasa wajen launi da zane. Kotu ta ce abin da ya zama tambarinsa shi ne kalmar Ferodo, launuka da zanen kwali kuwa ado ne kawai, kuma sunan Union da ke kan kayan Ibeto bai yi kama da shi ba. Babban kamfani ke nan mai manyan lauyoyi, ya faɗi. Tun da mun san masu sayen kayanmu da yawa da hoto suke ganewa, wanda ya san zakaransa ko giwarsa ne suke sayar masa da kaya, ya tabbata hoton ya shiga rajista sosai, ba sunan kaɗai ba.

Ban da waɗannan, akwai abubuwan da ba a ko tsayawa muhawara a kansu. Ba a karɓar tambarin da yake yaudarar jama'a, kamar a zana saniya a jikin man da ba na shanu ba, ko wanda ya saɓa wa doka da tarbiyya. Ba a yarda a sa tambarin Gwamnatin Tarayya ko na jiha ko tutar ƙasa ba. Wanda kuma sunan hajarsa na Hausa ne ko Larabci ko Fulatanci, ya haɗa da fassararsa tun farko, domin ma'aikacin da zai duba ba lalle ne ya ji harshen ba.

Bayan an shigar da takarda ma aiki bai ƙare ba, kuma a nan ne wasu suke sakaci. Takardar farko da ake ba mai nema shaida ce kawai cewa buƙatarsa ta iso. Bayan an yi nazari, sai a ba shi takardar amincewa ko ta ƙi. Wanda aka ƙi kada ya ce ƙaddara ce ya naɗe tabarmarsa, domin yana da damar ya ba da amsa, ko ya gyara, ko ya yarda cewa ba shi kaɗai ke da wata kalma ta kowa da kowa da ke cikin tambarin ba. In an amince, sai a buga tambarin a Mujallar Alamun Kasuwanci, a ba jama'a wata 2 domin duk mai ja ya fito. In wani ya ja, mai nema yana da wata 1 ya mai da martani, in kuwa ya yi shiru, an ɗauka ya janye. A nan muke jin tsoro ga mutanenmu, waɗanda sukan tafi gida da azumi ko da damina su yi wata biyu ba a san inda suke ba. A bar wa wakili adireshi da lambar waya mai aiki. Sai an wuce duk wannan ake ba da satifiket, wanda yake aiki shekara 7 daga ranar da aka shigar da buƙata, sa'an nan a riƙa sabunta shi kowace shekara 14. Kafin satifiket ya fito, laifi ne mutum ya rubuta a jikin kayansa cewa tambarin mai rajista ne.

Masu kai kaya ƙetare kuma su sani cewa rajistar Nijeriya ba ta tsallake Seme ko Jibiya. Jamhuriyar Benin da Togo da Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin wata ƙungiya mai ƙasashe 17 da ake kira OAPI, mai hedkwata a Yawunde, inda rajista ɗaya take rufe dukansu. Gana kuma tata dabam. Wanda turarensa ya fara karɓuwa a Kwatano ko Maraɗi, ya yi tunanin wannan tun kafin wani ya yi masa.

Duk da haka, rashin adalci ne a ɗora wa ɗan kasuwa laifin duka. Babu wata hujjar da za ta sa tambarin da aka amince da shi ya daɗe yana jiran fitowar mujalla, alhali mai shi yana kallon ana kwaikwayon kayansa. Muna kira ga Ma'aikatar Ciniki da ta sa mujallar ta riƙa fitowa a kan kari, a lokacin da kowa ya sani. Ta kuma buɗe littafin rajista yadda mai waya a hannu zai iya dubawa daga Ariyariya ko Alaba. Bugu da ƙari, ta riƙa sanar da jama'a kowace shekara yawan buƙatun da aka karɓa da waɗanda aka ƙi da dalilan ƙin, cikin Hausa da Yarbanci da Ibo, domin na baya su koyi darasi daga tuntuɓen na gaba. Muna kuma tunatar da wakilan jam'iyyarmu a Majalisar Dattawa da ta Wakilai cewa dokar da aka tsara tun 1965 tana bukatar sabon zubi, ba faci ba. Jam'iyyar da take neman ƙuri'ar talaka a kasuwa, wajibi ne ta kāre masa guminsa a majalisa.

Sauran aikin kuwa namu ne. Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya yin abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Kowace ƙungiya tana iya ɗaukar lauya ɗaya amintacce, wanda ofishin ya san da zamansa, ya riƙa yi wa 'ya'yanta bincike da rajista cikin rahusa. Yin haka zai toshe ƙofar 'yan damfara masu karɓar kuɗi su kawo takardar jabu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Ya'yanmu da suka yi karatu su ma su zauna da iyayensu su karanta musu takardun nan, su adana musu tsofaffin rasiɗai da hotunan kaya masu kwanan wata, domin ranar da za a nemi shaida.

Baƙo a garin mutane ba shi da gonar gado, ba shi da filin kaka. Abin da yake da shi shi ne sunan kirkin da ya yi da gaskiyarsa da riƙon amanarsa, kuma shi ne abin da zai bar wa 'ya'yansa in ta Allah ta kasance. Tambari mai rajista ana sayar da shi, ana ba da hayarsa, ana gadonsa kamar gida. Wanda ba shi da rajista kuwa, mai ƙarfi ne yake ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda yake da hajar da aka san shi da ita, ya tashi tun wannan mako ya sa a bincika masa sunanta, in da sauran wuri ya shigar da takardarsa, in kuwa an riga shi ya sake shawara tun asarar ba ta yi yawa ba.

Mu dai mun faɗa, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka a cikin nema, ya kuma mai da kowa gida lafiya.